Gulbi Ɗaya, Dangi Biyu: Abin da Na Gani Tsakanin Jibiya da Madarumfa

Assalamu alaikum. Ni manomi ne, haifaffen ƙasar Jibiya, ko da yake yanzu a birnin Katsina nake zaune ina sayar da kayan gwari. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Gada. Mahaifiyata kuwa daga tsallaken iyaka aka auro ta, wani ƙauye kusa da Madarumfa a jihar Maraɗi. Uwar 'ya'yana ma 'yar can ce, ɗiyar kawuna, auren zumunci aka yi mana. Don haka duk abin da ya sami kogin nan, cika ko ƙafewa, ba ya wuce gidana. Na ci amfanin tare shi da aka yi, na kuma ga abin da tarewar ta yi wa dangin uwata.

Ga wanda bai san wajen ba, kogin a cikin jihar Katsina yake tasowa, ya miƙe arewa ta Jibiya, ya tsallaka Nijar. Daga nan sunansa Gulbin Maraɗi. Ya bi ta gefen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkato ya sake shigowa Najeriya ta wajen Sabon Birni a jihar Sakkwato, ya zuba a Rima. Ka ga ke nan mu ne a sama, mu ne a ƙasa, su suna tsakiya. Da damina yake kawo ruwa, da kaka ya fara janyewa, da rani sai yashi fari fat. Amma a zamanin ƙuruciyarmu in ka tona yashin nan, kafin ka kai gwiwar hannu ruwa ya tsattsafo.

An haife ni a tsakiyar shekarun 1960. Kowace shekara da an gama yankan gero an ɗaure dammuna, Inna takan kwashe mu mu tafi ganin gida, manya a ƙasa, ƙanana a kan jaki. Ba mu san wata takarda ba. Abin da kawai ke nuna maka ka canza ƙasa shi ne kuɗin da ake sayen ƙosai da su, sai hular jandarma in kun yi kiciɓis. Mutanen duk ɗaya ne. Ai Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu.

Gonar Kawu a fadama take. Da marka gulbi yakan cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadamar ya kwanta kwana da kwanaki. In ya janye sai ya bar baƙar laka mai taushi wadda ba ta neman taki, ko na akuya. Kawu bin ruwan yake yi a baya: inda ya janye yau, gobe ya dasa taba, gaba kaɗan tumatir, can bakin-baki dankali da rogo da kabewa. Damshin da ƙasa ta sha shi ke riƙe shukar wata da watanni. In ta fara neman ruwa, ga rijiya nan gaba biyu da jigo a bakinta. Tafkin Madarumfa kuwa a cike, masunta na kama tarwaɗa da karfasa, masu ziyara na zuwa ƙaburburan waliyyan da ke kewaye da shi. Mu yara kifi da rake ne suka dame mu.

Kakata ta wajen uwa ba ta yarda a raina gulbi. Ta ga shekarar 1945, lokacin da ruwansa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har Nasara ya sa aka tashi garin aka mai da shi kan tudu inda yake yanzu. Takan ce gulbi baƙo ne mai tsaraba, amma ba a shimfiɗa tabarma a kan hanyarsa.

Ina ɗan firamare aka yi farin 1973. Abin da na fi tunawa shi ne warin mushen shanu a hanyar makaranta, da Buzayen da suka gangaro daga arewa da 'ya'yansu suna neman abin kaiwa baka. Shekarar nan Kawu bai dasa taba ba. Na 1984 ya fi mini zafi, don na riga na zama saurayi, na san abin da ake nufi da rumbu wayam. Ga fari, ga iyaka gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe ta tun watan Afrilu. Mutanen Nijar har suna suka raɗa wa yunwar, El Buhari. Mu ma ba mu da shi, amma mun fi su dama-dama. Baba yakan auna 'yan tiyoyin dawa ya ɗaure a buhu, in dare ya raba ni da wana mu kora jaki ta cikin busasshen gulbin mu kai wa Kawu, mu dawo kafin kiran assalatu.

Wannan wahala ce ta sa da aka ce za a yi mana dam ba wanda ya yi musu. An zana aikin a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, aka gama gini a 1989. Bango ne na ƙasa, tsawonsa ya haura kilomita 3 da rabi, tsayinsa ya ɗara mita 20, yana riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Fadamar Baba tana cikin abin da ruwan ya haɗiye. An biya diyyar da ba ta isa ta sayi rabin irinta ba, amma aka ba mu fili a gonakin ban-ruwan da aka yanka. Lokacin an hana shigo da alkama daga waje, ana ta kiran a noma ta a gida. Na noma alkama, na noma tumatir da albasa da tattasai. Da kuɗin noman rani na yi aure, da su na yi wa ɗakin Inna rufin kwano, da su na sa yara makaranta. Cin ranin da samarinmu ke tafiya Legas da Fatakwal ya ragu. Duk ɗan Jibiyar da ya ce dam bai amfane mu ba, bai gode wa Allah ba.

Bayan 'yan shekaru da tare kogin, Kawu ya zo mana gaisuwar salla. Da aka ci tuwo ya ce in kai shi ya ga dam ɗin. Na goya shi a keke, muka hau kan bangon. Ya daɗe a tsaye yana kallon ruwan.

Can ya ce, “Ɗan nan, ashe nan ruwanmu ya kwana.”

Na ce, “Kawu, ai ana sakar muku.”

Ya ce, “Awo, ana saki. Amma ruwan ga da kuka saki ba shi da laka, ba shi hawa hwadama. Wucewa kawai shikai, ko sallama babu.”

Bai ƙara ko kalma ba har muka dawo gida. Babban ɗansa, taubashina, shi ba shi da wannan kawaici, kuma wasan taubasantaka ya ba shi damar faɗin abin da ya ga dama. Ko a taron biki ya hango ni sai ya ɗaga murya: “Ku ɓoye randunanku, ga ɓarawon ruwa nan ya iso!” Ni kuma in ce, “Kai bawana, in ƙishirwa ke damunka zo in sam maka a moɗa.” A yi ta dariya. Amma in dare ya yi mun keɓe, sai ya shiga lissafa mini. Rijiyar da muka sani gaba biyu ta koma huɗu, ta koma shida. Jigo ya tashi aiki, don ba jigon da zai ɗauko ruwa daga wannan zurfi. Taba ta tafi. Rabin fadamar ya koma gonar gero. Itatuwan bakin gulbi suna bushewa daga sama. Masu hali sun koma rijiyar burtsatse da inji, irin yadda ake yi a Jiratawa inda ake noman zogale. Marasa hali sun saki gona sun tafi biɗa.

A cikin gidana ma maganar ba ta mutu ba. In na dawo da kwandon tumatir ina fara'a, maiɗakina takan ce, “Malam, a cire na Baba, da ruwansa aka yi.” Da murmushi take faɗa, amma kwandon farko na kowace shekara can yake tafiya.

Na daɗe ina juya maganar Kawu, na kuwa ga gaskiyarsa. Ruwan farkon damina, wanda da yake gangarawa ya jiƙa yashin gulbi ya cika musu rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, yanzu sai dam ya sha ya ƙoshi kafin saura ya wuce. Lakar da ke zama musu taki tana kwantawa a gindin dam. Mu ma ba ta amfane mu ba, cike mana ma'ajiyar ruwa take yi a hankali. Ruwan da ya fito ba laka kuwa ƙwaƙule cikin gulbin yake yi yana zurfafa shi, gaɓa tana ƙara tsawo, har ya zamana ko an yi cika da wuya ya haura ya shiga fadama.

Ba zan ɗora wa dam laifin duka ba. Ruwan sama ya riga ya ragu tun kafin a fara ginin. Jama'a ta ninka, an sare daji nan da can, kuma kowane tiyon da aka jefa a rijiya yana jan rabon maƙwabci. Abin da ya fi ci mini rai daban ne. Yawancin gonakinmu na ban-ruwa a kan tudu suke, sai an tayar da manyan injuna sun ɗaga ruwan ya hau magudana. An yi shekarun da injunan suka kwanta, yau babu man dizal, gobe wani ƙarfe ya lalace. Sai ka ga ruwa maƙil a dam rana na shan abinta, gonakinmu a bushe, na Kawu a bushe. Hana wani, hana kai.

Sai da ɗana na biyu ya shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yana karatun labarin ƙasa sannan na san ashe akwai takarda a kan wannan ruwa. Ya zo hutu ya ce, “Baba, ka san an yi yarjejeniya kan kogin nan tun 1990?” A Maiduguri aka sa mata hannu ranar 18 ga Yuli, tsakanin Najeriya da Nijar, shekara ɗaya bayan gama dam ɗinmu. Ta shafi ruwaye huɗu da ƙasashen suka yi tarayya a kai: Maggiya da Lamido ta wajen Tawa da Sakkwato, namu na Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama a gabashinmu, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Yana karantawa yana fassara mini. Kowace ƙasa tana da haƙƙin rabo na adalci. Kowace za ta riƙa ba 'yar'uwarta labarin yawan ruwan sama da na kogi da na ƙarƙashin ƙasa. Wadda za ta yi aikin da zai taɓa ruwan sai ta sanar tukuna, a zauna a yi shawara. Kula da abin kuwa yana wuyan hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa tun 1971, mai ofis a Yamai.

Magana ce mai kyau, ba abin da zan ƙara mata. Na kai wa Kawu labarin, lokacin tsufa ya kama shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To, madalla. Wa za ya gaya ma gulbi?” Ban ce manya ba sa zama ba, a rediyo mukan ji an yi taro a Yamai ko Abuja. Abin da na sani shi ne, duk shekarun da na yi ina noma a gindin dam ɗin, ban taɓa ganin an tara mu da manoman tsallake an ce ga ranar buɗe ƙofa, ga yawan da za a saki, ku shirya ba. Sai dai su wayi gari su ga ruwa, ko su wayi gari su ga babu.

Ana cikin haka sai damina kanta ta sake hali, abin da yanzu ake kira sauyin yanayi. Iyayenmu da lissafi suke shuka: in watan bakwai na manoma ya kama ana sa ran ruwan shuka, mai gaggawa ma ya yi binne. Yanzu sai ka yi shuka ta tsiro, ruwa ya ɗauke sati uku, ta ƙone, ka koma neman iri. In aka haɗa ruwan shekara, an fi shekarun 1980 samu. Zubowarsa ce ta canza. Abin da da yake sauka a hankali cikin kwana goma na marka, yanzu a dare ɗaya yake juyewa, a kan ƙasar da ta zama faƙo, ba ciyawa ba itace. Ba ya tsayawa ya shiga ƙasa, sai ya tsaga kwazazzabai ya kwashi yashi ya zuba a gonaki. Ɗana ya ce masanan da ke bin hadari da tauraron ɗan'adam sun gano cewa manyan hadarai irin waɗannan sun ninka sau uku a yankin Sahel daga 1982, kuma suna danganta abin da ƙarin zafin Sahara da ɗumamar duniya. Dam ɗinmu da takardar Maiduguri kuwa duk da lissafin tsohuwar damina aka yi su.

Daren Lahadi 15 ga Yulin 2018 ba mai mantawa da shi a Jibiya. Ranar kasuwa ce, ranar kuma aka buga wasan ƙarshe na cin kofin duniya, samari sun fito gidajen kallo suna ta musun Faransa da Kuroshiya. Dare ya fara nisa ruwa ya sauko. Ba dam ne ya fashe ba, ruwan sama ne ya taru ya rasa hanya ya bi ta cikin unguwannin da ke kwari. Lokacin gidana yana cikin gari, a kan tudu, Allah ya tsare mu. Ƙanwata tana can ƙasa da mijinta da yara. Kafin mu kai gare su ruwa ya kai ƙirji, ga duhu, ga ƙarar ginin ƙasa yana zubewa, ga shanu da awaki suna wucewa a kan ruwa. Ta kan katanga aka fitar da ita da yara biyu. Autarta, wadda ko makaranta ba a sa ta ba, ruwa ya fizge ta daga hannun uban.

Da gari ya waye aka shiga nema. Mutum fiye da 40 aka tabbatar sun rasu, wasu ba a gan su ba, ɗaruruwan gidaje sun rushe. Wajen azahar wayata ta yi ƙara, taubashina ne. Ban taɓa jin muryarsa babu wasa a ciki ba sai ranar.

Ya ce, “Ɗan'uwa, gulbi ya kawo muna mutane. Ku taho ku diba.”

Muka bi ta Magama da Ɗan Isa, ba jami'in da ya tambaye mu takarda, nan ko can. A Madarumfa muka tarar masunta da matasan gari suna cikin ruwa tun safe, suna tsamo gawawwaki daga rassan itace da cikin yashi. Sun jera su a inuwa, an lulluɓe kowa da zane, matan garin ne suka fito da zannuwan daga ɗakunansu. A nan muka sami yarinyar. Su suka yi mata wanka, limaminsu ya sallace ta tare da sauran, aka binne su a maƙabartar garin. Kabarinta yana can, a ƙasar kakarta.

Mutanen da muka tare wa ruwa shekara kusan 30 su suka yi wa mamatanmu sutura, ba wanda ya ɗaga tsohuwar magana. Taubashina bai sake kirana ɓarawon ruwa ba sai da aka shekara. Ranar da ya faɗa daɗi na ji, na san an tashi daga zaman makoki.

Tun daga nan muka ɗora wa kanmu wani aiki. In an yi ruwa mai yawa a wajenmu, ko muka ga ruwa ya fara bin mafitar dam, sai a yi saƙon murya a WhatsApp a tura can: ku janye injuna daga cikin gulbi, ku hana yara wanka, masu gona a gaɓa su kwashe abin da za su iya. Ruwan sai ya yi sa'o'i kafin ya isa, waya kuwa nan take. Su ma in ya wuce su sukan kira 'yan'uwa ta wajen Gidan Rumji. Ba hukuma a ciki, ba abin da ake kashewa sai kuɗin data. To amma wanda ba shi da dangi a sama fa? Kuma mu da ido muke aunawa, ma'aunin gaske yana hannun ma'aikata.

Rashin tsaro ne ya raba ni da gona. Ba sai na ja zance ba, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Jibiya da Batsari da Safana. Na bar wa ƙanena filin, na kwaso iyali muka dawo Katsina. Wasu 'yan ƙauyenmu tsallakawa suka yi, dangin Inna suka ba su masauki.

Sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su, wadda ita ce mafi yawan wutar ƙasar. A nan na gane maganar ruwa ta wuce ɗan gulbinmu. A kogin Kwara su ne a sama: sai ya ratsa Yamai kafin ya iso Kainji da Jebba inda muke samun wuta. Tun muna samari muke jin ana cewa wutar da ake ba Nijar ladan barin kogin ne ya gangaro ba su tare shi ba. Ga shi kuma sun fara gina nasu dam a Kandaji, can sama da Tilaberi. Taubashina ya kira ni daga cikin duhu ya ce, “Kun riƙe ruwa, kun riƙe wuta. Bari mu ƙare Kandaji, kai ma ka taho da moɗarka.” Na yi dariya, amma na kwana da maganar. Akwai hukumar kogin Kwara mai ƙasashe 9, ita ma a Yamai take. Ranar da shugabanni ba sa ga maciji da juna, wa zai ɗauki waya ya ce wa wani ga ruwa nan tafe?

A cikin wannan rufewar Kawu ya rasu. Ta hanyar daji muka bi a kan babur, ni da ɗiyarsa, muka isa bayan an dawo daga maƙabarta. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar daga ɓangarenmu. Daminar shekarar kuwa ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, jihar Maraɗi ta fi kowace asarar rayuka. A watan Satumba dam ɗin Alau ya ɓalle ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, garin da aka sa hannu a takardar ruwanmu. A wancan watan kullum sai na kira ƙanena na tambaye shi inda ruwa ya kai a jikin bangon dam ɗinmu.

Ni a firamare karatuna ya tsaya. Amma da za a tambaye ni, abin da nake roƙo bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. A tsayar da ranakun sakin ruwa na rani, a faɗe su a gidajen rediyon Katsina da na Maraɗi da Hausar da duk muke ji. A bar wani kaso na ruwan farkon damina ya wuce saboda rijiyoyinsu. A ba mai tsaron ƙofar dam lambar wayar wani a Madarumfa, a ce masa kiran wajibi ne ko da manya suna faɗa. In za a yi zaman hukuma, a ajiye wa sarkin noma da sarkin ruwa kujera, na nan da na can. Mutanen Sabon Birni ma a gayyace su, tunda abin da ya rage daga Maraɗi su yake isarwa.

Fadamar Kawu yanzu a hannun taubashina take. Rijiyar burtsatse gare shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 fetur ɗin da yake saye a bakin iyaka ya fi ƙarfinsa. Kwanakin baya ya zo Katsina muka zaga shagunan masu sola muna tambayar kuɗin famfo mai aiki da hasken rana. Shawararsa mu haɗa kuɗi, ni in sa rabi, shi ya noma zogale da albasa ya riƙa aiko mini ina sayarwa a nan. Na ce masa abu ɗaya nake tsoro. Tsadar fetur ita ke sa mutum ya kashe inji, rana kuwa kyauta ce, kowa ya sa sola zai ja ruwa daga safe har yamma, rijiyoyin su ƙara nutsewa. Ya ce to in kawo wata dabarar, don babban ɗansa ya riga ya fara maganar tafiya haƙar zinariya arewacin Agadas. Ba ni da ita. Mun bar maganar a kan zai tambayi mai haƙa rijiyoyin yankinsu ko gaba nawa ruwan ya sauka a 'yan shekarun nan, in ya ji sai mu yanke shawara kafin lokacin dashen albasa.